Bawa Baduku, Wanda Ya Zaɓi Sirdin Kamfani

Da an idar da sallar asuba a Kalgo, Bawa Baduku yakan fito da buzunsa ƙofar gida, ya jera basilla da wuƙa da zaren fata, ya zauna yana jira. Yanzu abin da ake kawo masa bai wuce takalmin da ya tsinke ba, ko gugar da ta yage a rijiya. Idonsa ya yi rauni, sai ya kai ɗinkin kusa da hanci. Masu wucewa da yawa ba su san hannun nan ne ya yi shekaru yana ɗinka siradan dogaran da ke tsaron hanya tsakanin Gwandu da Kalgo ba.

Ni maƙwabcinsa ne, na ga zamaninsa. Dogari bai isa ya kawo doki da miki a baya ya tafi ba faɗa ba. Bawa zai wanke mikin, ya sake cushe sirdin, sannan ya ce, "Kai kana da baki, shi ba shi da shi." Majayi, wato ɗamarar da ke riƙe sirdi, ya taɓa tsinke wa wani dogari yana bin ɓarayin shanu wajen Dangoma. Bawa ya bi shi da ƙafa cikin ruwan sama ya kai masa sabo.

A shekarar da aka fara ganin mota a hanyar Jega, hukuma ta ce za a sake wa dawakin dogarai kaya gaba ɗaya. Kamfanonin Turawa biyu suka aiko da samfurin sirdi da linzami. Sarkin dogarai Hassan, wanda suka tashi tare da Bawa, ya kira shi Gwandu ya duba, aka aza sirdin Bawa a matsayin na uku. Kafin su shiga zaure Hassan ya ja shi gefe.

"Bawa, kai za a tambaya. Ka ce naka ya fi, babu mai musa maka."

Bawa ya sa aka ɗaura wa dawaki uku, aka hau su zuwa Maruda aka dawo. Ya kwance kowane sirdi, ya shafa bayan dokin da tafin hannu. Na kamfanin farko ya sha ƙyalƙyali, amma ya goge fata. Na biyun ba ado, ga shi sakayau, bayan dokin lafiya lau. Bawa ya ɗaga kai.

"Wanga ya fi nawa. Shi za ku ɗauka."

Hassan ya ce, "Ka san abin da kake faɗi kuwa?"

"Na sani. Tambayata aka yi wanne ya fi."

Matarsa Kubura ta gaya mini da ya dawo bai ci tuwo ba. Kafin damina ta zagayo, aikin dogarai ya bar ƙofar gidansa, masu koyon sana'a a wurinsa suka watse. Abin da ke ci mini rai shi ne, babu wanda ya tako daga Gwandu ya ce masa sannu. Wasu a kasuwa har dariya suka yi masa, wai ya kori kansa da bakinsa.

Bawa, kai ne aka ba hukunci a kan abincinka, ka yanke shi a kan gaskiya. Kai ne ka fifita bayan dabba a kan tukunyar gidanka. Mun yi jinkirin gode maka, har ido ya tafi, ƙarfi ya ragu. Allah Ya saka maka da alheri, Ya haskaka maka abin da ya rage.

Ku da ake kira ku zaɓa wa jama'a abu, ku yi irin ta Bawa. Ku kuma mutanen Kalgo, yana nan da ransa, bayan masallacin unguwar majema. Ku je ku gaishe shi tun yana gane muryarku.