Sakinatu da jaririn aro

Sakinatu matar Osman mai gyaran famfon ban ruwa ba ta san zama ba. Ranar bikinta sai da mata biyu suka danne mata gwiwa kafin lalle ya kama. Uwarta ce ungozomar Hillar Maliki, kuma ta sha rantsuwa cewa a duk yaran da ta karɓa, Sakinatu ce kaɗai ta faɗo tana waige-waigen inda ƙofa take.

Shi ya sa da mutanen munazzama, wata ƙungiyar kula da lafiya, suka zo daga Rusairis neman matar da za ta riƙa bi gida-gida tana duba masu jego da yaransu, ko shawara ba a yi ba. Limami da kansa ya ce, "Ai dama tana yawon, ku ba ta jaka kawai." Aka ba ta jaka, da daftari, da mizanin ratayawa mai ɗan wando da ake zura yaro a ciki, da wata 'yar igiyar auna damtse mai launi uku: kore, rawaya, ja. Gida talatin aka ba ta. Kafin la'asar ta gama arba'in.

Abu ɗaya ne ke hana ta sakat. Ƙarshen kowane wata Ustaza Kausar ta ofis tana zuwa ta tambayi iyaye ko sun gamsu da mai ziyara. Gidan da ya ce ba ya so, khalas, an soke shi daga daftari, babu mai ƙara leƙa yaron ciki. Kuma akwai gidan da ke gab da faɗin haka, gidan wata tsohuwa, Habboba Hadizatu.

Laifin bakin Sakinatu ne. Muryarta, in ta yi raɗa a Hillar Maliki, masunta a bakin dam suna amsawa. Watan da ya wuce ta auna Rayan, jikar Habboba, 'yar wata bakwai, ta ce a tsakar gida, "Yarinyan nan ba ta ƙaru ba ko kaɗan." Danga ta kara ce. Kafin magariba gari ya ɗauka cewa tun da Nasir, uban yarinyar, ya tafi cirar auduga Wad Haddad, uwarsa ke shanye madida, kunun da ake dama wa matarsa Ibtisam. Wasu har sun ga tabon hulba a haɓarta.

Tun ran nan Sakinatu take kewaya gidan kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Ta zo, a ce yarinya na barci. Ta dawo, a ce an kai ta wurin malam. Ran Laraba kuwa sai ta tarar da ƙofa buɗe, an share tsakar gida, an shimfiɗa sabon zane a gadon angarib, Habboba na zaune tana murmushi da duk haƙoranta huɗu.

"Marhaba da likita. Shigo, ɗiyata. Ibtisam, kawo mata Rayan ta auna, ta faɗa da ƙarfi yadda ta saba."

Ibtisam ta fito kanta a ƙasa, tana nishi da abin da ta rungumo. An sa masa riga mai fure, an rambaɗa kwalli, an ɗaura ɗankwali. Kumatu kamar an cusa lemo biyu. Sakinatu na karɓa bayanta ya ce ƙas, kuma bayan nata ya gane mai shi. Da safen nan ta ɗaga wannan kaya a gidan Samira, maƙwabciya. Kilo tara da ɗari biyu. Mujtaba ne, ɗan Samira.

Ta haɗiye maganar, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka yaye ta. Ta rataya mizani a reshen dalbejiya, ta zura shi a wando. In ta ce wannan ba Rayan ba ce, ta ƙaryata tsohuwa a gidanta, ƙofa ta rufe ke nan. In ta rubuta tara da ɗari biyu, Rayan ta gaske tana can ɗaki tana ƙarewa, daftari na cewa ta fi kowa ƙiba.

Mujtaba ne ya raba gardamar. Yana lilo a mizani, rigar ta tattare, ya saki fitsari sama, ya yi baka, ya sauka daidai cikin kaskon garwashin jabana, tukunyar gahawa. Ya yi cuu. Babu 'ya mace a duk jihar Blue Nile da za ta iya wannan.

Sai muryar Samira ta bayan danga: "Habboba, in kun gama da shi ku miƙo min, nono ya cika."

Ibtisam ta ja mayafinta na tob ta rufe fuska. Habboba ta kafa wa garwashin ido. Sakinatu ta ciro yaron, ta miƙa shi ta saman danga, ta ce, "Ungo, Samira. Ni na ce a aro min shi in gwada mizani, kwana biyu yana min ƙarya. Yanzu ya daidaita." Ta faɗe shi yadda za a ji har kasuwa.

Sannan ta durƙusa gaban tsohuwa, ta matse muryarta har ta koma ta mutane. "Habboba, ni na ɓata, na yi magana a tsakar gida. Ki yafe min. Ga igiyan nan. Ni ba zan shiga ba. Ke kika yi goyon tara, ke za ki ɗaura mata a damtse, ki ja a hankali, ki ga launin da ya fito. Abin da kika gani naki ne."

"In na ƙi fa?"

"Sai in tafi in dawo gobe. Kin san ni."

"Na san ki. Uwarki ma haka ta ishe mu."

Ta fizgi igiyar ta shige ɗaki. Sakinatu ta zagaya dalbejiya sau goma sha ɗaya, ta gyara tulun da ba a sa ta ba, ta kori akuya, ta kwance mizani ta sake ɗaurawa. Ibtisam ta matso ta ce mata a kunne, "Yaya, kwana shida ke nan tana zawo. Ko kukan kirki ba ta yi."

Habboba ta fito da yarinyar a kafaɗa, wuya kamar zare, igiyar na nan a damtse.

"Ja ne," ta ce. "Jan mene ne?"

"Jan a tafi Rusairis yau, ba gobe ba."

"To me kike tsaye yi? Nemo keken raksha."

A hanya Habboba ce a tsakiya da Rayan a cinya, tana ba mai raksha labarin yadda ita da kanta ta gano ciwon, don 'yan matan yanzu sai riƙe daftari. Sakinatu na gefe tana cewa "Haka ne, Habboba," tana dukan bayan kujera wai a ƙara gudu.

A asibiti aka karɓi Rayan, aka ba su gado, aka fara ɗiga mata madara da ƙaramin cokali. Ta sha uku ta tofar da ɗaya. Habboba ta ƙirga, ta gyara zama, ta ce ita za ta kwana, Ibtisam ta huta.

Sakinatu ta miƙa hannu a ba ta igiyarta. Tsohuwa ta naɗe ta, ta ƙulle a bakin tob.

"Ki karɓo wata a ofis. In mun dawo ki biyo ta gidana tukuna, mu je gidan Hafsa tare. Ɗan nan nata bai yi min ba, sai na auna shi."