Baba da Barewar Chikaji

Tun ina yarinya a Samaru nake jin labarin barewa a bakin Baba, har ya ishe ni. Kafin ya ajiye bindigar toka ya kama aiki a gonakin gwaji, maharbi ne, kuma a faɗarsa a da dajin bayan gidanmu cike yake da bareyi. Mu kuwa in mun duba inda yake nunawa, gidaje muke gani da masu buga bulo. Ni dai ban taɓa ganin barewa ba sai a littafin da nake koyar da 'yan firamare da shi.

Da tsufa ya zo, idonsa ya fara dushewa, likita kuma ya ce tiyata ba za ta gyara ba. Baba bai roƙe mu komai ba sai abu guda: ya ga barewa tana gudu kafin idon ya rufe.

Na yi cigiya har aka fara yi mini dariya. A kasuwar Sabon Gari fata da ƙaho kawai na samu wurin masu magani. Daga baya wata mai sayar da garin kwaki, 'yar majami'armu, ta ce wani mai walda a unguwar Chikaji yana kiwon ɗaya a gidansa.

Ranar Asabar da safe muka shirya. Baba ya ƙi wanka da sabulu don kada barewar ta ji ƙamshi, ya sa tsohuwar rigarsa mai launin ƙasa, ya kuma kora ni ɗaki in cire jan zane, wai zan firgita ta. Na canza ina ƙunƙuni. A ƙofar gidan mai waldan ya tuɓe takalmi, ya ɗebi ƙasa da yatsu ya saki, ya kawo ido kusa don ya ga inda iska ta nufa. Sannan ya bi jikin katanga a sunkuye, gwiwoyinsa na ƙara, ni da maigidan muna tsaye muna kallo.

Barewar tana ɗaure a tsakar gida jikin wata tsohuwar taya, tsakanin raguna, a kan siminti. Ja ce, da baƙin layi a haƙarƙari, kuma kyanta ya fi na littafi nesa. Tana ganin Baba ta miƙe, ta tako har gabansa, ta cusa hanci a aljihunsa.

"Gyaɗa take nema, Baba," in ji mai waldan. "Haka na saba mata."

"Ɗana, kwance ta mana."

Ya kwance. Baba ya tafa hannu da ƙarfi, ya buga ƙafa. Kunne kawai ta kaɗa, ta nufi bahon dusa. A nan na lura kofatanta sun yi tsawo sun lanƙwashe saboda rashin yawo.

"Ko ka buɗe mata ƙofa?"

"Ta je ina, Baba? Titi ne, ga tireloli. Namiji ma na nema mata har na gaji. Wanda ya kawo mini ita daga arewa ya ce bai ƙara ganin wata ba."

Haushi ya cika ni, kuma na rasa wanda zan ji wa. Mutumin nan yana sonta, da ba don shi ba da tuni ta shiga tukunya. Baba ya tsuguna ya daɗe yana shafa wuyanta.

A cikin keke napep muna komawa, sai da muka wuce Dogarawa ya yi magana.

"Ke da idonki ke da kyau, da na tafa, ko ta ɗan zabura ban gani ba?"

Na buɗe baki in yi masa ƙarya. Ya dafa hannuna.

"Bari, 'yar nan. Da ta yi, da na ji kofato a siminti."

Kafin damina ta zagayo idon ya rufe gaba ɗaya. Yanzu da ya rasu ina kewar Baba, kuma ina kewar gudun nan da ni ban taɓa gani ba, shi ma bai ƙara gani ba.