Muryar Telan da Na Ara

A ajinmu na koyon rubuta labari muna da doka guda: ba ka karanta abin da ka rubuta da bakinka. Kowace Laraba sai a zuba takardu cikin kwali babu suna, malaminmu ya girgiza, kowa ya zara. Labarin da aji ya zaɓa shi zai shiga littafin da sashenmu zai buga a ƙarshen shekara, mu kuwa ba abin da muke kwaɗayi kamar ganin sunanmu a cikinsa. Shekarun da ake caje jaka a ƙofar jami'a ne, lokacin da ko tayar mota ta fashe a unguwar Bolari sai kowa ya ranta a na kare.

Ni ne sarkin surutun ajin. Ranar na zaro shafi uku na rubutun hannu, labarin wani tela Babarbare da ke yi wa 'ya'yansa faɗa kan almakashinsa. Ni Bafulatani ne, Barebari kuwa abokan wasanmu ne tun kaka da kakanni, in na bar wannan dama ai na ci amanar Fulani. Na karkace hula, na gyara murya, na shiga kwaikwayon Hausar tsohon. Aji ya kece da dariya, har malam yana share ƙwalla.

A shafi na biyu masu bindiga suka shigo garin a kan babura. Idona ya ga layin kafin bakina ya kai, amma na rasa inda zan ajiye muryar. Da ita na karanta wurin da telan ya ce wa 'yarsa ta bi ta bayan gida da ƙannenta, zai rufe shago ya same su a tasha. A tashar labarin ya ƙare, suna jira.

Da aka tashi, wata ɗaliba mai zama a bayan aji ta tsaya kusa da ni. Na san daga Borno suka gudo, dangi suka sauke su a unguwar Manawashi, iyakar sanina ke nan. Na fara kame-kamen ban haƙuri, ta katse ni.

"Haka babana yake magana," ta ce. "Don Allah sake karanta mini wurin almakashin. Na fara manta muryarsa."

Kunya ta rufe ni. Na ce ai wasa ne kawai, ta bari sai wani makon.

Labarinta aji ya zaɓa, amma malam ba ya buga komai sai mai shi ya sa hannu. Laraba ta zagayo, kujerarta babu kowa. Aka ce wani ya ga mai kama da mahaifinta a wani sansanin gudun hijira, sun tafi dubawa. Littafi ya fito babu ita, da nawa labarin a ciki, kuma har yau ba na son buɗe shi.

Shafukan nan uku suna cikin akwatina. Na sha rufe ƙofa in gwada muryar ni kaɗai, don in ɗalibar ta dawo ta same ni a shirye. Muryar ba ta ƙara fitowa daidai ba.