Sakaina Goma Sha Tara

Ranar jajiberin Babbar Sallah ta shekarar 1975, da hantsi, ina durƙushe a tsakar gida da ƙoƙo a hannuna, 'ya'yan tsamiya ashirin da biyu a cikinsa, kakata Iya kuma ta kafe a kan cewa ban iya ƙirga ba. Shekarata takwas. Sallarmu ce ta farko a sabon matsugunin da aka mayar da mu a ƙasar Bebeji, bayan ruwan dam ɗin Tiga ya shanye tsohon garinmu. Jinkar ɗakunan ba ta daina ƙamshin sabuwar ciyawa ba, babu bishiya ko ɗaya a gidan, ragon layya kuwa yana ɗaure a turke yana tuƙar harawa.

Tun muna tsohon gari Iya take da wani wasa da ba a yinsa sai a kwanakin da ke gaban Sallah. In mun gama shara da ɗebo ruwa, mun ba rago dusa, sai ta shimfiɗa tabarma. Kowane yaro ya gina ragonsa da yumɓu, 'ya'yan tsamiya su zama nama, sakaina kuma, wato ɓallin fasasshiyar ƙwarya, su zama gidajen mutane. Takan damƙo 'ya'yan tsamiya ta zube, ta ce a canki yawansu kafin a taɓa. Sannan a jera su bibbiyu, in ɗaya ya rage ba abokin tafiya mu ce gwauro ne, mu yi ta yi masa tsiya. Daga nan a kasa uku, na ci da na kyauta da na sadaka, a bi sakaina da kason kyauta har kowace ta sami daidai da 'yar'uwarta. Wanda ya raba ba kuskure, ƙodar rago tasa ce ranar Sallah.

Ni ban taɓa cin ƙodar nan ba. A makaranta ni ce kan gaba wajen rera ƙidaya har ɗari, malam yana buga tsumagiya a benci muna amsawa. Amma a tabarmar Iya, kafin yatsana ya taɓa na biyar bakina ya kai tara. "Binta, bakinki ya isa Kano, yatsanki bai bar Bebeji ba," in ji ta. "Taɓa, ki faɗa, ki ture gefe."

Sakainan goma sha tara ne, adadin gidajen da muke kai wa nama a tsohon gari. Ranar tashi Iya ta bar turminta da randarta, amma ta ƙulle sakainan a tsumma ta taho da su. Idonta ya yi rauni, da shafa take gane kowace, kuma takan jera su yadda lungunan garin suke a da: gidan bakin rijiya, gidan maƙera, gidan gindin kuka. A sabon wurin kuwa an jera gidaje layi-layi, an cakuɗa mu da mutanen da muka tarar, ita ko ƙofar gida ba ta leƙawa. Shi ya sa a safiyar nan ta aike ni in gano inda kowa yake, kada jibi masu kai nama su yi ta bulayi. Ta ce duk ƙofar da muke gaisawa da ita in jefa ƙwaya ɗaya a ƙoƙo. Na bi layi-layi ina yin yadda ta koya mini, na dawo da ashirin da biyu.

Yayana Sabo ya kwashe da dariya. "Iya, ai kin san Binta. In ta ƙirga yatsunta ma, sha biyu take samu." Iya ta ce a zubar da uku, sha tara ne. Na san in na yi shiru akwai ƙofofin da nama ba zai shiga ba jibi, har da ta Tabawa mai daddawa, wata tsohuwa cikin mutanen da muka tarar, wadda tun zuwanmu a rijiyarta muke ɗiban ruwa ba ta taɓa haɗe mana rai ba. Sai na ce, "Iya, ke ki kira gida, ni in aza."

Ta riƙa shafa sakaina tana kiran suna, ni ina aza ƙwaya. Da ta zo kan gidan maƙera na ce ba su nan, Kafin Maiyaƙi suka koma. Gidaje biyu kuma sun bi danginsu Burumburum. Da muka kai ƙarshe, sakaina uku ba komai a kansu, ƙwaya shida kuma sun rage a ƙoƙona ba inda zan aza su. Na kira mata sunayen masu su ɗaya bayan ɗaya, duk sababbin maƙwabta. Iya ba ta manta mutanen nan sun tafi ba, ranar tashi ita ma ta raka su har gindin mota. Hannunta ne bai saba ba tukuna. Ta daɗe tana juya sakainar maƙera a tafinta.

Sabo ya yi lissafi da yatsu, ya ce, "A cire uku a ƙara shida. Kai, ashe 'yar nan da gaskiyarta." Iya ta ɗago. "Wa ya ce a cire?" Ta sa na ɗauko wata tsohuwar ƙwarya, ta taka ta da diddige, ta zaɓi ɓalli shida. Gidaje suka zama ashirin da biyar. Baba, da yake wasa wuƙa a gefe, ya ce, "Iya, rago ɗaya ne fa." Ta ce, "To a yanka ƙanana. Ba wanda zai auna nasa, amma wanda aka tsallake zai sani."

Washegarin Sallah, da aka sauke ragon daga gaban wuta, ni Iya ta ɗora a kan kason. Na taɓa, na faɗa, na ture gefe, har ashirin da biyar. Uku aka soya aka rufe a kwano, ranar kasuwa aka aika wa waɗanda suka yi nisa. Na Tabawa ni na kai, bai fi cikin tafin hannuna ba. Ta karɓa da hannu biyu ta ce, "Ashe baƙinmu sun san ƙofata." Da la'asar sai ga ta da sandarta ta zo gaishe da Iya, zuwanta na farko gidanmu, suka zauna hira har aka kira magariba.

Daga baya aikin koyarwa ya kai ni Yamai da Akara da Khartum, har Ingila. Na ji Fulani suna gina shida a kan biyar da ɗaya, na ji Faransawa suna kiran tamanin ashirin sau huɗu, na ga azuzuwan da aka cika da duwatsun roba masu launi. A ko'ina yaro yakan iya rera ƙidaya tun bai san abin da take nufi ba, sai ranar da aka ba shi abin da in ya kuskure wani zai rasa. Yau jikokina a waya suke wasan lissafi, kuma sun fi ni sauri nesa ba kusa ba. Naman layyarmu a leda ake ƙulla shi, mai babur ya bi sunayen da aka tura masa. Bara na tsaya a ƙofar gidana a Kano na ƙirga gidajen layinmu, na sami goma sha huɗu. Huɗu kawai na san masu su.