Goggo Verna da Murafan Iska Biyu

Ina neman afuwar Edita da dukan 'yan ƙungiyar masu tsofaffin tirelolin kwana, saboda shigowar da na yi wannan shafi. Ni ba 'yar ƙungiya ba ce, shekaruna goma sha shida, ko tuƙi ban gama koya ba, kuma ban taɓa rubuta abin da wani zai karanta ba sai malamanmu. Babana ya kamata ya rubuta, amma ya zauna gaban takarda ya tashi bai sa komai ba. In na yi kuskure a yi mini uzuri.

Ranar Laraba, ashirin da uku ga Oktoba, da hantsi, Allah ya karɓi ran Verna Tollefson, yayar babana, a gidanta da ke bayan coci, bayan ta yi jinyar ciwon daji. Shekarunta sittin da takwas. Ranar Asabar muka binne ta kusa da mijinta, Kawu Lyle. Na san da yawa daga cikinku a wannan jarida za ku fara jin labarin, domin ba ta yarda a gaya wa kowa ba ta da lafiya ba.

Goggo, rabin garin nan ke kika kai su makaranta. Duk wanda ya shiga bas ɗinki yana tuna kwalin da ke bayan kujerarki, cike da safar hannu da hulunan sanyi, ba a tambaya, ɗauka kawai ake yi. In yaro ya makara kina hango shi yana gudu cikin dusar ƙanƙara, sai ki tsaya, ƙofa a buɗe, sanyi yana dukan kowa, kina yi masa faɗa tun bai iso ba. Babana ma ke kika raine shi bayan rasuwar iyayenku, shi ya sa har furfura ta fito masa ba ki daina ce masa auta ba. A taron ƙungiya da ake yi bakin tafki duk Satumba kuwa, masu karanta wannan sun fi ni sanin ƙofar wa ke fara buɗewa da safe, da ƙamshin kofi da burodi mai kirfa.

Ni abin da kika yi mini shi ne ba ki taɓa tilasta mini yin magana ba. Kowa cewa yake in saki jiki. Ke tsumma kike miƙo mini, ki nuna mini gefen tirelarki da zan goge, mu wuni muna sa alminiyom ƙyalli ba wanda ya ce uffan. A gindin tirelar nan na fara jin cewa shiru ba laifi ba ne.

A watan Agusta aka yi ruwan ƙanƙara, ya farfasa murafan roba biyu na mafitar iskar tirelar, ɗaya a saman banɗaki, ɗaya a gefe daidai murhu. A lokacin likita ya riga ya gaya miki gaskiya, kuma abu ɗaya kika ce kina so: ki je taron Satumba ki ga mutanenki. Ba a hawa hanya da ramuka biyu a buɗe. Sababbin murafai sun iso da wuri, sai dai tsofaffin hujojin ƙusa sun yi faɗi, ke kuma ba ki yarda a ƙara huda fatar tirelar ba. Saura gam. Kowa ya ɗauka aikin yamma ɗaya ne.

Babana ya zo da gam ɗin silikon a aljihu. Ya ce, "Yaya, bar ni in matsa wannan in manna su. Kafin kofinki ya huce an gama."

Kika ce, "Curtis, kai da ka manne takalminka da teburin kicin kana yaro, kai ne za ka koya mini gam?"

Baba Orville, tsohon abokinku na ƙungiya, ya kawo wanda ake liƙa kwalekwale da shi. Ya ce, "Wannan in ya kama, Verna, sai tashin ƙiyama."

"Ai matsalar ke nan, tsoho. Roba ba ta kaiwa tashin ƙiyama. Rana za ta cinye ta nan da 'yan shekaru, wani ya zo cirewa ya ɓamɓaro har da fatar tirelar. Kai lokacin kana kwance abinka, ba ruwanka."

Ya ce, "Ke dai bakinki ba ya tsufa."

Sai kika sayi murfi na uku kika yayyanka shi, kika manna gutsattsarin a kan ragowar alminiyom, kowanne da irin gam ɗinsa. Ki sa su a firji su daskare, ki fito da su ki shanya a kan mota cikin rana, ki sake mayarwa. Kika nuna mini cewa roba ta fi alminiyom buɗewa a zafi da tsukewa a sanyi, don haka gam mai sandarewa kamar dutse ba zai iya bin su biyun ba. Haka kuwa aka yi, shi ya fara ɓallewa. Kika zaɓi wani baƙi mai danƙo, wanda ko ya bushe yana ɗan miƙewa, kuma wuƙa tana iya yanka shi ranar da aka so cirewa.

Muka manna na gefe. Da ya yi kwanakinsa kika ja shi da yatsa biyu, ya taso gaba ɗaya kamar ɓawon ayaba. Kin daɗe kina kallon wurin, kika shafa, kika murza yatsunki. Sannan kika ce, "Lyle, Allah ya jiƙanka, amma ka cuce ni." Ashe shekarun baya Kawu ya taɓa shafe gefen murafan da silikon, kamar yadda kusan kowa yake yi in yoyo ya kama shi a hanya. Inda silikon ya taɓa kwana kuwa ba abin da ke kamawa, ko da ido bai ga komai a wurin ba. Dole a kankare shi ƙaf, kuma da makankarin roba, don ƙarfe yana yi wa alminiyom tabo.

A lokacin ƙafafunki sun daina hawa tsani. Ni nake hawa bayan an tashi makaranta, ke kina ƙasa a kujera da bargo a cinya. In na kankare na goge da sinadari, sai in ɗiga ruwa a wurin.

"Ya dunƙule ko ya baje?"

"Ya dunƙule, Goggo."

"To Kawunki yana nan tukuna. Ci gaba."

In ruwan ya baje shi ne wuri ya yi tsabta. Mun daɗe kafin ya baje. Da ya baje kuma sai aka shiga ruwan sama mai sanyi, muka rufe tirelar da tamfol muna jira. Ranar Alhamis rana ta fito muka manna duka biyun. Taro kuwa Juma'a ake buɗewa, gam ɗin nan kuma a irin wannan sanyi yana son kwanaki kafin ya iya jure iskar babbar hanya.

Ban taɓa ganin babana ya yi miki tsaye kamar ranar Juma'ar nan ba. Ya riga ya juyo da motarsa ya saita ta da tirelar. Ya ce a naɗe murafan da tef a tafi, in sun tashi a hanya sun tashi. Kika ce in sun motsa yanzu ba za su tashi ba, za su zauna ne da 'yar kafar da ba mai gani.

Ya ce, "Yaya, ba ki da wani Satumban."

"Na sani, auta. Tirelar ce ke da shi. Ruwa in ya shiga tsakanin bangonta na ciki da na waje ba ya sallama, sai ranar da ƙafar mutum ta burma cikin katakon daɓe. Ta Linnea ce, na riga na gaya wa lauya. Ba zan bar wa yarinya ruɓaɓɓen ɗaki ba."

A nan na fara jin cewa ni kika bar wa ita. Na tattaro duk ƙarfin halina na ce ni ban damu da daɓen ba, mu tafi kawai. Kika dube ni ta saman tabarau kika ce, "Ke kuma wa ya tambaye ki? Je ki ɗora mana ruwan kofi."

Ranar Lahadi bayan an taso coci kika sa na hau na danna farce a kan gam ɗin. Bai bar alama ba. Sai kika ce a ɗaura tirelar a mota. Babana ya ja, kina gaba kusa da shi. Mun isa bakin tafki da la'asar, fili ya kusa zama wayam, sai sawun tayoyi a ciyawa da tireloli kaɗan da ke shirin tashi. Baba Orville ya riga ya ɗaura tasa, injin yana aiki. Ya dube ki kina saukowa da taimakon babana, bai tambayi komai ba, ya kashe mota ya koma ya kwance tirelarsa. Sauran ma suka yi haka. Aka fito da kujerun da aka riga aka naɗe. Kika zauna a ƙofarki kina tambayar waɗanda suka tafi ɗaya bayan ɗaya, wa ya zo, wa ya yi jika, tayar wa ta fashe a hanya.

Baba Orville ya zagaya ya shafa murfin gefe. Ya ce, "To, wanne ne gwanin? Faɗa mana sunansa mu huta."

Kika ce, "Sai hunturu ya bi ta kansa. Ba na yabon gam a watan Satumba."

Goggo, tun da kika rasu nake juya wannan abu a raina. Da an bi ta babana da kin sami kwanakin taron cur, da kin ga kowa, da kowa ya gan ki. Yammaci ɗaya da 'yan mutane kika samu, saboda daɓen da ni zan taka. Wani lokaci in ga babana ne ke da gaskiya, wani lokaci in ga ke ce, kuma ba na jin shekaruna sun kai in raba wannan gardama. Abin da na gani da idona shi ne ba ki yi kama da mai nadama ba a hanyarmu ta dawowa. Ga waɗanda suka bar tafkin kafin mu iso, ina so ku sani ba fushi ne ya hana ta zuwa da wuri ba, kuma ba wanda ba ta ambaci sunansa ba.

Allah ya jiƙan Goggo Verna, ya gafarta mata kurakuranta, ya ba ta hutu a wurinsa tare da Kawu Lyle. Ya sāka mata da alheri kan kowane yaron da ta jira cikin sanyi. Ina miƙa ta'aziyyata ga babana, Curtis Haugen, wanda ya rasa yaya da uwa a rana ɗaya, da dangin Tollefson, da Baba Orville, da ku duka. Allah ya ba mu haƙuri, ya sa mu cika da kyau.

Tirelar tana bayan gidanmu yanzu, ban rufe ta da tamfol ba, dusar ƙanƙara ta farko ta riga ta sauka a kanta. Mutane da dama sun tambaye ni sunan gam ɗin a wurin jana'iza, na ce su yi haƙuri. In Edita ya yarda ya ba ni ɗan wuri a fitowar watan Mayu, bayan ƙanƙara ta narke, zan hau tsani in duba, in rubuto muku abin da na tarar, ko ya riƙe ko bai riƙe ba.

Linnea Haugen