Allon motar ya haukace, Ladi na naƙuda

Jama'a, ku ji abin da ya same ni yau! Na ɗauko Ladi matar ƙanena daga Kibiya tana naƙuda, a motar ɗana, irin mai amfani da cajin lantarki ɗin nan, za mu asibitin Rano. Kawai allon motar ya fara danna kansa! Ko cajin da ya rage ba na gani. Ladi na ihu, "Yaya, kar motar ta mutu a hanya!"

Na tsaya na kira ɗana. Ya ce, "Umma, wa ya taɓa allon?"

Innarmu da ke zaune a kujerar baya ta ce, "Ni na yayyafa masa ruwan addu'a."

Na ce, "Inna, Ladi ce mai naƙuda, ba gilashi ba!"

Na goge da mayafina, ya nutsu. Muna shiga asibiti ta haihu. Mace!