Dada da kwalbar maganin ido

Ina cikin auna wa mutane shinkafa a Kasuwar Jalingo sai ga Dada, mahaifiyata, tana kwance kwalbar magani daga bakin zaninta.

Wajen alif ɗari tara da casa'in da wani abu ne, ina saurayi. An yi mini dashen tantanin ido, sai hawan jinin ido ya biyo baya. Likita ya ce in na yi wasa da ɗiga magani, zan makance.

"Haba Dada, a gaban mutane?"

"Sau uku kana barin shi a gida. Ɗaga kai!"

Aka kwashe da dariya. Tun daga ranar, da an kira azahar sai maƙwabtan rumfata su hau ihu: "Ɗaga kai!"

Da idon nan nake rubuta muku wannan. Ku fa, wa ya taɓa ba ku kunya don ya cece ku?